Rabin Taken Babana

Shekarar da muka yi rigimar wanda zai rufe mana taro, ina koyarwa a firamaren garinmu, wani ɗan gari tsakanin Daura da Zango da mota ba ta tsayawa a cikinsa sai fasinja ya bubbuga wa direba. Ni ne sakataren ƙungiyar matasa, ba don na fi kowa kai ba, sai don rubutuna ne kaɗai ke karantuwa. Shekaru kaɗan ke nan da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, kuma tun daga lokacin ba a sake kafa rumfar kiɗa a fili a garin ba. In ana biki sai dai a yi walima, a ci shinkafa, malam ya yi nasiha, kowa ya kama gabansa. Ba na cewa hakan laifi ne. Amma gari ya yi shiru, irin shirun da ke sa saurayi ya yi ta zagaya kasuwa alhali ba abin da zai saya.

Da damina ta kankama, 'yan makaranta suka dawo dogon hutu, sai shugabanmu, mai shagon magani a bakin tasha, ya kawo shawarar a yi bikin 'yan gari. Za a buga ƙwallo, a yi gasar karatu da tseren keke, sannan a rufe da mawaƙi. Shi ya je ya nemo izini, ya dawo yana jero mana sharuɗɗa da yatsa. Maza daban, mata daban. Ba goge, ba garaya. A tashi kafin kiran magariba. Duk muka ce mun ji mun yarda. Ƙwallo da keke ba su ɗauke mu rabin sa'a ba. Abin da ya ci mana mako uku shi ne layin ƙarshe da na rubuta a allo: wa zai rufe taro?

A aji shida muke zama bayan la'asar, ƙarti da mu a kan bencin yara, gwiwa na neman taɓa haɓa. Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne mai sayar da kaset a kasuwa. Sa'ana ne, rana ɗaya aka yi mana kaciya, kuma tun daga ranar ban ga bakinsa ya huta ba.

"Ku dai ku tsaya ku ji," in ji shi. "Zamanin nan na fiyano ne. A ɗauko yaron nan na Kano mai yi wa fina-finai waƙa. Wallahi har daga Mashi sai an yo mota."

Shugaba ya ce, "Ka san shi ne?"

"Na san mai yi masa aski."

Aka kwashe da dariya, shi ko ko a jikinsa. Washegari ya zo da sunan wani mawaƙin, wai wannan ya fi na jiya tashe. Kullum da sabon suna, kullum kuma akwai wani da ya sani wanda ya san wani.

Malamin Islamiyyarmu na cikin kwamiti. Matashi ne mai sanyin magana, ba ya rabuwa da asuwaki. Shi so yake a kawo mai waƙen wa'azi, baki zalla, ba kiɗa.

Mai kaset ya ce, "Allah gafarta Malam, mutum ya yi tseren keke ya gaji, sai kuma a zaunar da shi a tuna masa kabari?"

Malam ya cire asuwaki ya ce, "To, da ma ba can za shi ba?"

Shugaba kuma nasa daban. Ya taɓa zuwa Damagaram ya ga wasu masu jita, tun daga nan duk wani kiɗa na duniya ya raina shi. Da aka tuna masa cewa mutanen nasa ba sa ɗaura jita sai rana ta faɗi, mu kuwa a lokacin za mu tashi, sai ya sha mur ya ce an cika yi masa katsalandan. Haka muka yi ta yi. In rubuta suna, a ce in goge. Na ƙarar da alli kusan rabin kwali.

Ni ma ina da nawa ɗan takarar. Na dai kasa faɗa ne, domin dalilina ba na gari ba ne, nawa ne ni kaɗai.

Babana manomi ne. Ya rasu ina ɗan shekara shida. Fuskarsa ba ta zauna mini sosai ba, abin da na riƙe shi ne ƙafafunsa masu faso da yadda yake shan ruwa a tsugune. Amma tun ina yaro, duk dattijon da ya gane ni sai ya tsayar da ni. "Kai ne ɗan marigayi? Allah ya ji ƙansa. Ai in aka kaɗa taken ubanka a gayya, ko kana bayan gari sai ka san wa ya duƙa." A zamaninsu kowane gwanin noma da nasa take a gangar noma, wanda ba a kaɗa wa kowa sai shi. Na ji wannan magana ta fi a ƙirga, amma taken kansa ban san shi ba. Na sha roƙon dattawa su bubbuga mini a benci. Wannan ya buga nasa, wancan ya ce ba haka ba ne, ya buga wani daban. Akwai wanda ya daɗe yana buga mini da zuciya ɗaya, daga baya na gane kalangun mahauta ne. Abin ya zame mini ƙaiƙayi a wurin da hannu ba ya kai.

Inna kuwa, wato mahaifiyata, ba hanya. Ni ne ɗan farinta, ko sunana ba ta faɗa saboda kara, balle na mijinta. In tana son kirana sai ta ce, "Kai wannan." Sau ɗaya na taɓa tambayarta yadda taken yake. Ta dube ni ta ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san taken nan a hannunsa, shi ne tsohon makaɗin noman da ya ƙaga shi. Yana can wani ƙauye gaba da Zango. An ce ya rataye gangarsa. Gayya ta mutu, garmar shanu ta shigo, 'yan amshinsa sun watse neman abinci, ga shi kuma zamani ya zo da 'ya'yansa ba sa son a ce ubansu makaɗi ne. An ce ya tsufa ƙwarai. Duk lokacin da na ji an yi rasuwa ta wajen Zango sai gabana ya faɗi.

Ranar zama na tara ko na goma na ajiye alli na ce ina da magana. Na yi jawabi kamar mai neman kansila. Na ce al'adunmu na mutuwa, yaranmu ba su san gangar noma ba, baƙi sun cinye mana kunne. Ko sau ɗaya ban ambaci babana ba. Ƙarya nake yi da gaskiya, kuma na san haka.

Mai kaset ya ce, "Tsohon nan yana da sauran haƙori kuwa?"

Na ce, "Da haƙori ake kiɗa?"

Wanda nake tsoro shi ne Malam. Ya daɗe yana juya asuwaki, sannan ya ce, "Wannan kiɗan, na rawa ne?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, kiɗan aiki ne. Shi ke sa mutum ya duƙa ya nemi halalinsa."

Ya ce, "In dai na aiki ne, ni ba ni da ta cewa."

Da bakina na faɗi wannan magana, amma ban ji abin da na faɗa ba. Aka ɗaga hannu, na yi nasara. Ba wai sun ƙaunaci tsohon ba ne. Kowa dai ya gwammace nawa a kan na abokin gardamarsa.

Washegari na hau mota zuwa Daura. Na sa aka buga mini wasiƙar gayyata a kwamfuta, da kan takarda na ƙungiya, na dangwala hatimi, na sa hannu har da lanƙwasa. Na sa aka buga takardun talla, a ƙasa da manyan baƙaƙe: babban baƙo mai rufe taro, shahararren makaɗin noma. Muka manna a tasha da bakin kasuwa da jikin shagon shugaba. Wasiƙar kuma na ba wani ɗan acaɓa da ke bin hanyar ƙauyen, ya ce ya damƙa ta hannu da hannu.

Daga nan na rasa sukuni. Kwana uku, shiru. Kwana biyar, shiru. Sai in tashi in tafi tasha, in tsaya kamar mai jiran baƙo, in dawo gida, kafin in zauna in ji ƙarar babur in sake fita. Abinci in ci rabi in ture. Duk inda na zauna yatsuna na bubbuga abin da ke kusa, har Inna ta ce in zan fasa mata faifai in faɗa mata. Shugaba ya tambaye ni ko an sami amsa, na hau shi da faɗa ba gaira ba dalili. A kwana na goma na ari babur na kama hanya.

Hanyar yashi ce, gero ya yi tsawo har ya rufe ta gefe da gefe. Sau biyu ina faɗuwa. Na same shi a ƙofar gida a gindin tsamiya yana tufkar igiya, ɗan siriri, hannuwansa sun fi jikinsa girma. Na durƙusa na gaishe shi. Ina ɗaga kai sai na hango wasiƙata a soke a jikin jinkar zaure, ko buɗe ta ba a yi ba.

Na ce, "Baba, ni na aiko da waccan takardar."

Ya ce, "Af, kai ne? Na ɗauka ta haraji ce. Me ta ce?"

Na ce gayyata ce.

Ya miƙo tafin hannu. "Ina goron?"

Na shafa aljihu, kamar mai fatan goro ya tsiro a ciki. Ni da na yi sakandare, na yi kwalejin horon malamai, na manta cewa da goro ake kiran makaɗi. Ya ga yadda na yi, sai ya lalubi aljihunsa ya ciro ɓarin goro ya miƙo mini.

"Ungo. To, miƙo mini."

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya ɓantara.

"Madalla, yanzu an kira ni. Gonar wa za a yi?"

Na ce, "Ba gona ba ce, Baba. Filin makaranta ne. Za a kafa rumfa, a jera kujeru, kai za ka hau dandamali ka rufe taro."

Ya daina tauna. "Su wa za su yi noman?"

"Ba noma. Mutane za su zauna su saurara."

Ya yi dariya har da tari. "Ɗan nan, to wa zan kaɗa wa? Kujera? Ni tun da nake ban taɓa yi wa mutum kiɗa yana zaune ba. Garma nake kallo, in ta sauka in sauke hannu. In ba garma, me zan bi?"

Na fara yi masa jawabin nan na al'adu na mutuwa. Ban kai rabi ba na ji ya ƙare mini a baki, domin ba ni yake saurare ba, ƙafafuna yake kallo. Can sai ya ambaci sunan babana, sak, har da laƙabin da ba na jin kowa na faɗa.

"Ɗansa ne kai. Wannan ƙafar na san ta."

Nan na zube na faɗa masa gaskiya. Na ce ba ruwana da taro, taken babana nake so in ji, ko sau ɗaya. Na ce ya ɗauko gangar ya kaɗa mini yanzu a nan, in tafi, ba zan sake damunsa ba.

Ya girgiza kai. Ya ce taken mamaci ba a kaɗa shi don a ji daɗi. Ɗansa ake kaɗa wa, a gonar uban, da garma a hannu. Ya ce kuma in sani, taken kashi biyu ne. Akwai wanda yake raka mutum da shi tun daga bakin kunya, muddin yana duƙe yana huɗa. Akwai kuma wanda yake sauke masa in ya kai ƙarshen kunya ya ɗaga garma sama. "Wannan na ƙarshen shi ne mutane ke ba ka labari. In ka miƙe a tsakiya, ni ma na tsaya. In ka sake duƙawa, daga farko za mu koma." Ya ce in gyara wuri. Duk ranar da aka yi ruwa mai kyau, washegari da hantsi in sa ido.

Komawa gaban kwamiti ita ce wahala. Na tsaya a gaban allo na ce babban baƙo ba zai zo ba, wai ba ya yi wa na zaune kiɗa. Malam ya ce, "Ai kai ka ce mana na aiki ne." Mai kaset kuwa ranar kamar an yi masa bushara. Sai da ya kwana uku yana kirana sakataren kujeru. A ƙarshe shi ya samo mana wani saurayi daga Daura mai fiyano, wanda ke kwaikwayon muryar na Kanon. Muka bi takardun talla muna liƙe sunan tsoho da farar takarda.

Ni dai tun daga ranar hankalina ya bar taro ya koma sama. Gonar babana na bayan gidanmu, ƙaninsa ke noma ta da shanu. Na roƙe shi ya bar mini wani yanki da ya ware don wake, daga gindin gawo zuwa gamban iyaka. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, alli ya ƙare ne?" Na tambayi Inna ina garmar babana. Da baki ta nuna mini bayan rumbu. Na kai wa maƙeri ya wasa ta. Ƙotar ta yi santsi, akwai wurare biyu da suka lotsa inda hannunsa ke kamawa, nawa hannun bai cika su ba. Sai kuma ruwa ya ɗauke. Kwana takwas ina fita ina duban gabas, hadari ya haɗu ya watse.

Ranar biki aka buga ƙwallo, aka yi karatu, aka yi tseren keke har wani ya faɗa kwata. Duk ban gani sosai ba, ina zaune a teburin sakatare wuyana a karkace. Bayan la'asar mai fiyano ya hau dandamali, aka ta da janareta, ya danna sau biyu yana gwada lasifika. Sai iska ta taso. Kafin ya buɗe baki rumfa ta yi sama, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Jama'a suka watse kowa da kujera a ka, mai kaset na rungume da lasifika yana salati. Mako uku muna gardamar wanda zai rufe taro, ruwa ya zo ya rufe. Ni kaɗai ke tsaye a fili ina washe baki. Shugaba ya gan ni, kwana biyu bai amsa gaisuwata ba.

Da hantsi tsoho ya iso a bayan ɗan acaɓa, ganga a cikin buhu. Ya fito da ita ya jingine a rana, ya ce fata ta sha sanyi, sai ta ɗumama. Muka zauna muna jiran ganga. Ban taɓa ganin rana mai nawa irin ta ranar ba. Da ya ƙwanƙwasa ya ji ta yi, sai ya rataya, ya ɗauki gula, ya nuna mini gindin gawo da haɓa. Na tuɓe riga na yi bisimilla na duƙa.

Garma na shiga ƙasa, ganga ta amsa. Bugu uku masu nauyi, ɗan tsaiko, sai biyu a guje. Tsigar jikina ta tashi, domin na san shi. Shi ne abin da yatsuna ke bubbugawa a tebur da faifai tun ina yaro, ban san daga ina na samo shi ba. Na ji hawaye na haɗuwa da gumi. Ta gefen ido na ga dattawa na ajiye fartanya a gonakinsu suna tahowa, wani na gudu-gudu da sanda. Wani ya ɗaga murya yana yi wa babana kirari. Na ji kamar zan huɗe gonar duka kafin azahar.

Jikina bai ji haka ba. Garmar nan nauyi gare ta, ƙasa kuma ta sha ruwa. Ina wuce rabin kunya bayana ya riƙe, numfashi ya ƙi isa. Na ce bari in ɗan miƙe kaɗan, ko na ƙiftawar ido. Ina miƙewa ganga ta yi tsit. Shirun ya fi mari zafi.

Na koma gindin gawo na kama sabuwar kunya. Ya faro daga farko. Wannan karon ban kai inda na kai ɗazu ba, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Na uku ko kashi ɗaya cikin uku ban yi ba, gwiwoyina suka ƙi, na zauna daɓas a kan ƙasar da na huɗa. Ga gamban iyaka can ina ganinsa, bai fi jifa biyu ba. Dattawa suka yi ta ce mini sannu, suna komawa gonakinsu ɗaya bayan ɗaya, ba mai son haɗa ido da ni.

Tsoho ya sauke ganga yana share ta da gefen riga. Ya ce, "Ƙafar tasa ce. Bayan ne ba nasa ba."

Na ce, "Baba, don Allah. Ƙarshen kawai. Ba wanda zai sani."

Ya ce, "Ni zan sani. In na sauke maka shi a nan, na yi wa ubanka ƙarya. Shi bai taɓa jin sa ba sai a bakin gamba." Ya mayar da ganga buhu. "Baɗi, in da rai. Ka riƙa taɓa garma."

Na ji haushinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na raka shi bakin hanya ina cika ina batsewa, a raina ina cewa wane irin taurin kai ne wannan, bugu nawa ne duka-duka. Sai da na kwana biyu ina jinyar hannu na gane haushin kaina nake ji.

Na shuka wake a guntayen kunyoyin nan uku, ya kuwa yi. Na riƙa taɓa garma kamar yadda ya ce. Da rani na bi masu lambu fadama ina yi musu kaftu kyauta, suna mini dariya. Hannuna ya yi kanta har alli na zame mini. Da bazara ta shigo na san zan iya kai kunyar nan ƙarshe, na fara duban gabas tun ba a fara ruwa ba.

A tasha na ji. Ɗan acaɓan nan ne, yana ɗaure kaya, ya ce, "Af, Malam, tsohon nan naka mai ganga ai ya rasu, yau kwana huɗu." Ya ci gaba da ɗaurinsa. Na je na yi wa 'ya'yansa ta'aziyya. Wasiƙata na nan a jinkar zaure, rana ta cinye ta. Ban tambayi ganga ba.

Da na dawo na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince irin wake a ƙwarya, na guntayen kunyoyin nan ne da ta ɓoye a toka. Na zauna a kan turmi na faɗa mata. Ta yi salati ta yi masa addu'a. Na ce, "Shi ke nan, ya tafi da shi." Ba da ita nake ba, bakina ne ya suɓuce.

Ta juye waken a faifai, ta kife ƙwaryar a cinya. Sai na ji yatsunta. Uku masu nauyi, ɗan tsaiko, biyu a guje. Na ƙame. Ashe ranar nan tana bayan danga, ta ji sau ukun da ganga ta tsaya. Ta bi shi a hankali, idonta na kan wake. Ta zo daidai inda bayana ya riƙe, ta wuce. Sai kiɗan ya canza, ya hau sama yana ƙara sauri, ya ninka kansa, sannan ya sauko da bugu ɗaya da tafin hannu gaba ɗaya. Ƙwaryar ta yi shiru.

Na ce, "Inna, sake."

Ta ce, "In sake me?"

"Abin da kika kaɗa."

Ta ce, "Ni? Toka nake kakkaɓewa." Ta miƙe da faifanta ta ce ta bar tukunya a wuta.

Na yi ta gwadawa a gefen turmi har hannuna ya gaji, ban kama shi ba. Sau ɗaya na ji, kuma a lokacin kuka nake. Har ta bar duniya ba ta sake ba, ni ma ban sake tambaya ba. Yanzu ni ke noma yankin nan, da garmar. Duk damina in na kai bakin gamba nakan ɗaga ta sama in ɗan tsaya, sannan in juya in kama kunya ta gaba.